Sabo Turken Wawa: Shin Yawan Atisayen Golf a Cikin Ɗaki Yana Ɓata Hannun Ɗan Wasa?

Gabatarwa

A manyan biranen Koriya ta Kudu akwai dubban ɗakuna waɗanda mutane ke shiga bayan an tashi daga aiki domin su buga wasan golf, wanda wasu 'yan jaridarmu ke kira ƙwallon lambu. A ɗakunan nan babu ciyawa ta gaske, babu iska. Mutum zai tsaya a kan shimfiɗar roba, ya doki ƙwallo ta yi tafiyar mita uku ko huɗu ta bugi wani babban allo, sai kwamfuta ta zana masa inda ƙwallon za ta sauka da a ce a fili aka buga ta. Haka nan a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Suwidin, inda ƙanƙara ke rufe filaye har tsawon watanni, 'yan wasa da yawa suna komawa ɗaki su yi ta bugu cikin raga har sanyi ya wuce.

Wannan ya haifar da gardama tsakanin masu koyar da wasan: shin wanda ya yawaita atisaye a ɗaki yana ƙara gwaninta ne, ko kuwa yana dasa wa jikinsa kurakuran da za su ba shi kunya ranar da ya fita fili? Mai karatu na iya cewa ina ruwan ɗalibin sakandare da wasan attajirai. Amsa ita ce, tambayar ta ilimin halittu ce tsantsa, domin tana magana ne a kan yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da tsoka ke koyon motsi. Ƙa'idar da za mu gano a nan ita ce ke aiki ga mai koyon rubutu da mai koyon ɗinki da mai koyon tuƙi.

Wasan a Taƙaice

Golf ya samo siffarsa ta yanzu ne a ƙasar Sikotilan. A shekarar 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda suna shagaltar da matasa daga koyon harbin baka, wanda ƙasar ke buƙata domin yaƙi. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi Nijeriya, akwai kuma filayensa a garuruwa irin su Jos da Kaduna da Kano da Abuja.

Cikakken fili yana da ramuka 18, faɗin kowane rami santimita 10.8 ne. Ƙwallon ƙarama ce, faɗinta bai gaza santimita 4.27 ba, nauyinta kuma bai wuce giram 45.93 ba. Ɗan wasa na da iznin ɗaukar sanduna har 14, kowace da nisan da take kai ƙwallo. Wanda ya zagaya ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Abin lura shi ne, a fili da wuya mutum ya yi bugu biyu iri ɗaya a jere. Yanzu ƙwallo na kan gajeriyar ciyawa, an jima tana cikin doguwa, ko cikin ramin yashi, ko a kan gangare inda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tudu.

Ina Ne Koyo Yake Zama?

Mutane kan ce hannu ya saba, kamar dai tsoka ce ke riƙe darasi. A haƙiƙa tsarin motsin yana ajiye ne a ƙwaƙwalwa da laka, tsoka kuwa umarni take bi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kamar yadda wani ƙidaya da masana suka yi a Birazil ya nuna a 2009. Ƙwayoyin suna miƙa wa juna saƙo ta wasu ƙananan mahaɗai. Tun a 1949 masanin nan ɗan Kanada, Donald Hebb, ya kawo ra'ayin cewa idan ƙwaya ɗaya ta yi ta tayar da wata sau da yawa, mahaɗar da ke tsakaninsu za ta ƙara ƙarfi. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da asalin wannan ra'ayi. Misalinsa kamar hanyar ƙafa ce a daji: duk inda aka yawaita takawa, nan ciyawa ke kwanciya hanya ta fito.

Akwai kuma wata riga ta kitse da ke naɗe da zaren jijiya, wadda masana ke kira mayalin. Zaren da ke da wannan riga yana iya kai saƙo da gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya, marar riga kuwa bai cika wuce mita ɗaya ko biyu ba. A 2014 wasu masana a Landan suka koya wa ɓeraye gudu a cikin wani gargare wanda ba a jera matakansa daidai ba. Ɓerayen da aka hana jikinsu samar da sababbin ƙwayoyin da ke yin rigar sun kasa ƙwarewa kamar 'yan'uwansu. Ke nan atisaye yana sauya ginin jijiyoyi kansa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mahaɗa da rigar kitse ba su san motsi mai kyau da marar kyau ba. Abin da aka maimaita shi suke ƙarfafawa. Wanda ya yi bugu karkatacce sau dubu biyar ya gina wa karkatar hanya mai faɗi kamar yadda gwani ya gina wa nasa bugun.

Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Gyara Kuskure

Daga lokacin da ɗan wasa ya fara sauko da sanda daga sama zuwa lokacin da ta taɓa ƙwallo, abin da ke wucewa bai kai kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ba. Haɗuwar sanda da ƙwallo kuwa kimanin rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ce. Ido kuma yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin abin da ya gani ya zama motsin hannu. Saboda haka babu isasshen lokacin da mutum zai ga kuskure ya gyara a tsakiyar bugu. Ƙwaƙwalwa tana shirya umarnin ne tun kafin a fara, ta aika shi, sa'an nan ta dubi sakamako ta gyara umarni na gaba.

Babbar mai wannan aiki ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Nauyinta kusan kashi goma ne cikin ɗari na ƙwaƙwalwa duka, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 69. Aikinta shi ne kwatanta abin da aka yi niyya da abin da ya auku, ta rage bambancin a hankali.

A 1996 Thomas Thach da abokan aikinsa a birnin St. Louis na Amurka suka wallafa wani gwaji da ke bayyana wannan sarai. Sun sa mutane suna jifan wata alama a bango da curin yumɓu, sa'an nan suka sanya musu tabarau mai karkatar da haske gefe guda. Da farko jifar kowa ta kauce. Bayan jifa da dama sai ta dawo kan alama. Da aka cire tabarau, sai jifar ta kauce zuwa ɗaya gefen, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta daidaita kanta da ganin ƙarya, sai da ta sake gyarawa. Marasa lafiyan da wasu sassa na ƙaramar ƙwaƙwalwarsu suka lalace sun kasa yin wannan gyara yadda ya kamata. An kuma lura cewa gyaran da hannu ɗaya ya koya bai wuce zuwa ɗaya hannun ba.

Darasi biyu ke cikin wannan gwaji. Na farko, ƙwaƙwalwa da kuskuren da ta gani take koyo. Na biyu, tana daidaita jiki ne da yanayin da aka sa shi a ciki, ko da yanayin na ƙarya ne. Da waɗannan biyun za mu auna ɗakin atisaye.

Inda Ɗaki Ke Yaudarar Ƙwaƙwalwa

Abu na farko shi ne shimfiɗa. A bugu mai kyau da sandar ƙarfe, kan sandar yana fara taɓa ƙwallo ne, sa'an nan ya yanki ƙasa a gabanta. Idan mutum ya doki ƙasa santimita biyu ko uku kafin ƙwallo, a fili sandar za ta nutse cikin turɓaya, ƙarfinta ya mutu, ƙwallo ta faɗi kusa. Wannan kunya ita ce saƙon kuskure da ƙwaƙwalwa ke buƙata. A kan shimfiɗar roba kuwa sandar kan zame ta tarar da ƙwallo, bugun ya fita kamar babu laifi. Ƙwaƙwalwa sai ta rubuta nasara a inda ya kamata ta rubuta kuskure. Idan aka maimaita haka wata uku, an yi daidai da sanya tabarau mai karkatar da haske.

Abu na biyu shi ne raga. Mu ɗauka ƙwallo ta tashi da karkatar digiri 3 daga inda aka nufa. A nisan mita 3, inda raga take, kaucewar santimita 16 ce kacal, ido ba zai damu da ita ba. A nisan mita 150 kuwa kaucewar ta kusa mita 8. Ɗalibi na iya tabbatar da wannan da teburin lissafinsa. Bugu da ƙari, ƙwallon golf tana juyawa a iska, juyawar kuma ita ke lanƙwasa tafiyarta hagu ko dama, kuma lanƙwasar ba ta bayyana sai ƙwallo ta yi nisa. Mai bugu cikin raga ba tare da na'urar awo ba yana jin ƙarar bugu mai daɗi, alhali ƙwallonsa da ta faɗa daji.

Abu na uku shi ne rashin sauyi. A shekarun 1920 masanin Rasha Nikolai Bernstein ya ɗauki hotunan motsin ma'aikata masu dukan ƙarfe da guduma a birnin Mosko. Ya gano cewa gaɓoɓin gwani ba sa bin hanya ɗaya tak a kowane duka, amma kan gudumar yana sauka inda ake so. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane wannan. Gwaninta ita ce iya warware matsalar motsi a sabon yanayi kowane lokaci. A 1979 John Shea da Robyn Morgan suka koya wa mutane salon motsin hannu iri uku. Rukuni ɗaya ya maimaita salo guda har ya gama kafin ya koma na biyu, ɗaya rukunin kuwa aka cakuɗa masa su. A lokacin atisaye rukunin farko ya fi kyau. Da aka sake gwada su bayan minti goma, da kuma bayan kwana goma, masu cakuɗawa ne suka yi fice, musamman da aka kawo gwajin a cakuɗe. Ɗakin golf yana jan mutum zuwa salon rukunin farko: ƙasa a miƙe, sanda guda, ƙwallo ɗari a jere, kowace daga wuri ɗaya. Mutum zai fita yana jin ya ƙware, alhali ya ƙware ne a tambaya ɗaya daga cikin ɗari da fili zai yi masa.

Abu na huɗu ya shafi ɗakunan da ke da na'urori. Waɗannan suna amfani da rada ko kyamarori masu sauri su auna gudun ƙwallo da kusurwar tashinta da juyawarta, su nuna alƙaluma bayan kowane bugu. Wannan ya magance matsalar raga ƙwarai, amma ya zo da tasa. A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt suka nuna cewa waɗanda ake faɗa wa sakamako a rabin gwaje-gwajensu, ana rage musu a hankali, sun fi riƙe abin da suka koya a kan waɗanda ake faɗa wa kowane lokaci. Bayanin da aka bayar shi ne, wanda ake yi wa jagora kullum yakan daina sauraron saƙon da tsokarsa da gaɓoɓinsa ke aiko masa. A fili babu allon da zai gaya masa abin da ya yi.

Abu na biyar shi ne ƙuncin wuri. Idan rufi ya yi ƙasa ko bango ya yi kusa, jiki yakan taƙaita ɗaga sanda don gudun bugun wani abu, ko da mai shi bai lura ba. Taƙaitawar kuma tana shiga cikin abin da ake maimaitawa.

Na ƙarshe shi ne gajiya da rauni. A fili ɗan wasa na tafiya tsakanin bugu da bugu, a cikin sa'o'i huɗu cikakken bugun da zai yi bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. A ɗaki yana iya yin fiye da haka cikin rabin sa'a. Tsokar da ta gaji tana sauya yadda ake motsi, sai mutum ya koma maimaita bugun gajiyayye. Idan kuma siririyar shimfiɗa ce a kan daɓen siminti, girgizar kowane duka tana komawa wuyan hannu da gwiwar hannu, inda igiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi suke. Ciwon ƙugu da na gwiwar hannu da na wuyan hannu suna cikin raunukan da aka fi sani ga 'yan golf, yawan maimaitawa kuma na cikin manyan dalilansu.

Amfanin Ɗaki

Kada mai karatu ya ɗauka ɗaki sharri ne zalla. A 1967 Paul Fitts da Michael Posner suka kasa koyon motsi mataki uku: matakin fahimta, inda mai koyo ke tunanin kowane motsi, matakin haɗawa, inda kurakurai ke raguwa, da matakin da aiki ke tafiya da kansa ba tare da tunani ba. Ga wanda ke matakin farko, wuri mai natsuwa da maimaita abu guda suna da amfani, domin yana buƙatar ya kama riƙon sanda da tsayuwa kafin a cakuɗa masa abubuwa. Haka kuma gwanin da ke son sauya wani sashe na bugunsa yakan amfana da raga, saboda rashin ganin ƙwallo na hana shi komawa tsohon salo don neman sakamako na gaggawa.

Akwai kuma shaida daga 'yan wasa. Kim Hong-taek na Koriya ta Kudu ya yi suna ne a gasannin golf na ɗaki, amma a 2024 ya lashe gasar Maekyung Open, ɗaya daga manyan gasannin ƙasarsa, a kan fili na gaske. Sai dai shi ƙwararre ne da ke buga wasa a fili a kai a kai. A watan Janairu na 2025 kuma aka fara wata gasar ɗaki mai suna TGL a jihar Fulorida ta Amurka, wadda Tiger Woods da Rory McIlroy ke cikin waɗanda suka kafa ta. Abin sha'awa shi ne, duk da allon da ake bugawa a ciki, an tanadi ciyawa ta gaske da yashi na gaske a wurin da ake ɗora ƙwallo.

Gwajin Thach ma yana da wani ɓangare mai ƙarfafa gwiwa. Mutanen da suka shafe makonni suna jifa da tabarau, sa'an nan su cire su yi jifa babu shi, a ƙarshe ƙwaƙwalwarsu ta riƙe tsari biyu, tana ɗauko wanda ya dace tun daga jifar farko. Wato idan ana zagayawa tsakanin yanayi biyu, ƙwaƙwalwa na koyon bambance su.

Amsar Tambaya

Daga bayanan da suka gabata, amsa ita ce e, yawan atisaye a ɗaki yana iya dasa mugun sabo, idan ɗakin yana ɓoye kuskure, idan babu sauyi a cikin atisayen, idan kuma an daɗe ba a fita fili ba. Maganin kowanne yana fitowa daga sanadinsa. Don tona asirin shimfiɗa, masu koyarwa kan shimfiɗa tawul siriri 'yan santimita a bayan ƙwallo. Idan sanda ta taɓa shi, an doki ƙasa da wuri. Ana kuma shafa hoda a fuskar sanda don a ga inda ƙwallo ta taɓa. Don kawo sauyi, sai a riƙa canza sanda da abin da ake nufa bayan kowane bugu ko biyu, kamar ana zagaya fili. Game da alƙaluma, mai koyo ya fara faɗin abin da yake jin ya faru kafin ya dubi allo. Ya kuma rage yawan ƙwallo, ya huta tsakani, ya tsaya idan gajiya ta zo. Sama da duka, ya riƙa fita kan ciyawa duk lokacin da hali ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuskuren mako biyu ya fi na shekara biyu sauƙin gyara.

Gwajin da Za a Iya Yi a Makaranta

Malami na iya gwada binciken Shea da Morgan da kayan da ba su da tsada. A samo bokiti ɗaya da ƙananan ƙunshin yashi a tsumma masu nauyi ɗaya. A ja layi uku a nisan mita 2 da 3 da 4 daga bokitin. A raba aji gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kowane ɗalibi zai yi jifa 30 da hannun da bai saba da shi ba. 'Yan rukunin farko su yi goma daga layin farko, goma daga na biyu, goma daga na uku. 'Yan rukuni na biyu su riƙa sauya layi bayan kowace jifa bisa jerin da aka zaɓa da ƙuri'a. A rubuta adadin da ya shiga. Bayan kwana biyu a gwada kowa da jifa 12 a cakuɗe, a haɗa da sabon nisa na mita uku da rabi. A fitar da matsakaicin kowane rukuni a rana ta farko da ta gwaji, a kwatanta. Duk abin da alƙaluma suka nuna shi za a rubuta, ko ya yi daidai da tsammani ko bai yi ba, sa'an nan a tattauna dalili.

Kammalawa

Ɗalibin da ke maimaita lissafi iri ɗaya sau hamsin, amsa na buɗe a gabansa, yana cikin ɗakinsa na golf. Haka wanda ya haddace zanen madubin ƙara girma a allo bai taɓa juya shi da hannunsa ba. A aji zai ga kamar ya iya, sai ranar jarrabawa ta zo da tambayoyi a cakuɗe, babu mai nuna masa amsa. Saboda haka ga malamai, yana da kyau a riƙa cakuɗa tsofaffin darussa da sababbi a aikin gida, a bar ɗalibi ya gwada kafin a gyara masa, a kuma nuna masa kuskurensa a fili tun da wuri. Ga ɗalibai kuwa, idan atisaye ya yi sauƙi ƙwarai har babu inda ake tuntuɓe, lokaci ya yi da za a tambayi kai ko akwai kuskuren da shimfiɗa ke ɓoyewa.

Tambayoyin Bita

1. Me ya sa ɗan wasan golf ba ya iya gyara bugunsa bayan ya fara sauko da sanda?
2. Bayyana abin da ya faru da masu jifa bayan an cire musu tabarau, ka danganta shi da mai atisaye a kan shimfiɗar roba.
3. Idan ƙwallo ta tashi da karkatar digiri 2, nawa za ta kauce a nisan mita 3, nawa kuma a mita 200?
4. Kawo misali ɗaya daga wata sana'a ta garinku inda wurin koyo ya bambanta da wurin aiki, ka faɗi kuskuren da bambancin zai iya ɓoyewa.